Banɗakin Inna da Yakuwar Bayan Taga

Duk wanda zai ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye ya kawo ta jinya gidan haya, don Allah ya ɗan dakata ya ji abin da ya same mu, ni da mahaifiyata da mijina. Ba don mun fi kowa shan wahala nake rubuta wannan ba. Ina rubutawa ne saboda abin da ya kusa raba mu da Inna ba karayar da ta kai ta asibiti ba ce. Wani abu ne da yake cikin gidanmu, kullum muna wucewa ta gabansa ba mu gan shi ba.

Sunana Hajara, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Inna kuwa a Kwandiko take, can ƙasar Gwaram, a gidan da ta haife mu. Mace ce da ba ta san zama ba. In ka hana ta daka za ta kama tsinke, in ka ƙwace tsinken za ka same ta tana yi wa awaki faɗa. Ranar da abin ya faru ma turmi ta kifa ta hau, za ta sauko da ƙwaryar daddawa daga saman rumfa, alhali gidan cike yake da jikoki masu tsayi. Turmin ya mirgina, ita kuma ta sauko a kan ƙugunta.

Ba a gaya mini ba. Inna ce ta hana, wai kada a tayar mini da hankali ina tsakiyar jarrabawar yara. Ƙanenta, Kawu Sale, ya ɗauko mai ɗori daga Dingaya, aka ja, aka ɗaure, aka tofa. Sai da aka kwashe kusan mako ƙafar ba ta ɗauku ba, har ta gajarce ta karkace waje, sannan Kawu ya kira ni yana ta kewaye-kewaye, yana tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Kawu, me ya sami Inna?" Ya sake komawa tambayar lafiyar yara. A nan na san ba ƙaramin abu ba ne.

Mijina, Malam Garba, direba ne, bas yake ja tsakanin Birnin Kudu da Kano. Ni dai Baban Ummi nake ce masa. Ya riga ya yi lodi a tasha lokacin da na kira shi. Ya ba fasinjojin haƙuri, ya sauke su, ya kwance kujerun baya, ya shimfiɗa katifa. Daga Kwandiko zuwa asibiti bai bar taya ta faɗa rami ko ɗaya ba, mutumin da na sha yi masa faɗa a kan gudu. Inna kuwa tana kwance a baya ta lulluɓe fuska da mayafi, ba don ciwo ba, don dai surukinta ne a gaba.

Zaman asibiti kowa ya san shi. Layin kati, layin hoto, layin gwajin jini, ga neman wanda zai ba da jinin. Wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa a kan na shigo da kwanon abinci ba lokacinsa ba, har yau ban manta fuskarta ba. Amma ita ce kuma ta zauna tana yi wa Inna fifita ranar da aka fito da ita daga tiyata, don haka na yafe mata rabi. Kuɗi kuwa ba zan tsaya lissafi ba. Ragon da muke kiwo dai bai ga Sallah a gidanmu ba.

Maganar likita guda ɗaya ce ta zauna mini. Ya ce, "An sa mata ƙarfe, kuma da yardar Allah za ta taka. Amma ku ji da kyau, tsuguno ya ƙare mata. In ta tsuguna, aikinmu ya warware."

Inna ta ce, "Me yake cewa?"

Na maimaita mata. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Yaro, to da me mutum zai yi rayuwa in babu tsuguno?"

Saboda wannan, da kuma gashin ƙashi da za a riƙa kai ta, aka yanke cewa gidanmu za ta zauna. Gidan bene ne na haya, mu muna ƙasa. Ɗaki biyu da falo, da kicin, da ɗan sito. Banɗaki ɗaya ne, na zamani, mai wurin zama. Na yi ta murna, na ce ai mu mun huta, abin da likita ke so muna da shi. Ban lura da cewa ƙofarsa a ƙarshen falo take ba, daidai inda Baban Ummi ke kishingiɗa yana jin rediyo.

Sai in gaya muku yadda Inna take da surukinta. Tun da aka yi aurenmu ba ta taɓa kama sunansa ba, "mai gidan nan" take cewa. Ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Shi ma in zai gaishe ta sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bayan labule, su yi ta "lafiya lau, lafiya lau" babu mai ganin wani. Kuma fa suna son juna. Duk kaka, buhun gero na farko nasa ne, kuma in muka yi saɓani da shi, tun kafin in buɗe baki Inna ta riga ta ba shi gaskiya.

To ga keken marasa lafiya da muka aro, ƙofar banɗakin ta yi masa kaɗan. Sai in tura Inna ta ratsa falo, in kira maƙwabciyata mu ɗaga ta mu shigar da ita, mu fito da ita. In an gama kuma a ja ruwa, gidan duka ya ji. Inna ta raɗa wa abin suna, "mai shela". Ta ce a Kwandiko mutum yakan zagaya ya dawo babu wanda ya san ya tashi, a nan kuwa sai an sanar da unguwa. Na yi dariya, na ɗauka barkwanci ne irin nata.

Na kawo mata fo a ɗaki. Ta ce, "Ki ratsa falo da shi a gaban mutum? Allah ya sawwaƙe."

Shi kuma bawan Allah, don ya kyautata, sai ya rage zuwa Kano. Ya ba wani yaronsa motar a wasu ranakun, ya zauna gida ko za a buƙace shi. Kullum yana falo, kunnensa a ɗakin Inna, ko tari ta yi sai ya ce, "Hajara, duba Inna." Kirkinsa ne ya tsare mata hanya, shi bai sani ba, ni ma ban sani ba.

Lokacin bazara ne, zafi kamar a gasa mutum. Likita ya ce ta riƙa shan ruwa sosai. Nakan cika mata babban kofi in ajiye a kan taga kusa da gadonta. Ta ce, "Ajiye, zan sha." In na dawo, kofi wayam. Har yabonta nake a makaranta, ina cewa tsofaffin wasu sai an yi dambe suke shan ruwa, tawa kuwa ba ta ba ni wahala.

A mako na biyu leɓɓanta suka fara tsagewa, na ce zafi ne, na shafa mata man kaɗanya. Surutu ya ragu. Inna da ke gyara mini yadda nake tuƙa tuwo daga kan gado, sai ta wuni ba ta ce mini komai ba. A mako na uku zazzaɓi ya shigo, tana riƙe mara tana cije baki. Rannan na shiga da kunu, ta kalle ni ta ce, "Yaya Abu, an kora shanun?" Yaya Abu yayarta ce, ta rasu tun ina goye. Kwanon kunun ya kusa suɓuce mini.

'Yan dubiya kowa ya kawo tasa. Wata goggonmu ta ce iska ce, dama gidan bene ba ya rasa su. Wani ya ce ƙarfen da aka sa mata ne ke ɗaukar zafin rana yana dafa ta daga ciki. Kawu Sale ya ce a mayar da ita gida, iskar Kwandiko kaɗai ta ishe ta magani. Aka kawo rubutu a gora, na zuba mata, shi ma kofin ya dawo wayam. Ban raina kowa ba, duk ƙauna ce ta kawo su, amma mun ɓata kwanaki muna sauraron juna.

Da muka koma asibiti, likitan ya tsunkuli fatar bayan hannunta ya saki. Fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya ce, "Wannan baiwar Allah ƙishirwa ce ke cin ta. Ciwo ya kama mafitsara, ƙoda ma ta fara gajiya."

Ni kuma da bakina da ba ya shiru na hau shi. Na ce ni da hannuna nake ba ta ruwa, safe da rana da yamma, kada ya ɗora mini abin da ban yi ba.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malama, na yarda kina ba ta. Kin taɓa tsayawa kin ga ta haɗiye?"

Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Na koma gida in ɗebo mata kaya, na zagaya bayan gida inda igiyar shanya take. Ko'ina ƙasa ta bushe ta tsattsage, ko ciyawa babu. Amma daidai ƙarƙashin tagar Inna, ga wuri a jiƙe, ga yakuwa ta fito kore shar, ta kai tsawon tafin hannu. A nan nakan watsar da tsintar ganye in na yi miya, iri ya faɗi, ya sami mai ba shi ruwa sau uku a rana. Na tsuguna a gaban yakuwar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar tiyata.

Da hankalinta ya dawo, na zauna a bakin gadon na ce, "Inna, na ga gonarki."

Ta gane nan take. Ta kau da kai, ta ce, "Ta yi kyau?"

"Inna, kashe kanki za ki yi?"

"Ke dai ba ki da hankali. In ban sha ba, me zai tashe ni? Mutum yana zaune a falonsa, a turo ni a keke ta gabansa, ya san inda za ni, ya ji lokacin da na gama? Hajara, ni fa na ba shi 'ya."

Na yi fushi da ita, kuma na ji tausayinta har cikin ƙashina. Da na gaya wa Baban Ummi, sai ya zauna a kan dakalin asibiti ya riƙe kai. Ya ce, "Ashe ni ne ciwon." Ranar da aka sallamo ta, ya tattara 'yan kayansa ya koma kwana a tasha, wai don Inna ta sake. Ba a yi kwana biyu ba ta lura babu rediyo a falo. Da ta ji dalili sai abin ya fi na da muni. Ta ce ita ba za a ce ta kori mutum daga gidansa ba, in kira Sale ya zo ya mayar da ita. A Kwandiko kuwa masai ne na tsuguno a can ƙarshen gida. In ta zauna da mu ƙishirwa, in ta koma ƙarfen ya warware.

Sista Rabi, wadda ke yi mata gashin ƙashi, ita ta kawo mafita. Ta ce, "Ku yi mata nata a jikin ɗakinta mana. Ba sai da wurin wanka ba, wurin zama da wurin wanke hannu sun isa." Ta zana mana a takarda, tana yi tana bayani. Ƙofa kada ta gaza ƙafa uku, kuma waje za ta riƙa buɗewa, don in mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. A bar fili a gefen wurin zaman inda keke zai tsaya, a bar inda zai juya, kamar ƙafa biyar. Wurin zaman ya yi tsayi daidai da keken. A kafa ƙarfen dafawa a cikin bango sosai, ba a liƙa shi a filasta ba. Ban da tayil mai santsi. Ta ƙare da cewa, "Kada ku auna da ido, ku auna da keken."

Tsakanin ɗakin Inna da sitona akwai wani siririn lungu da muke tara bokitai, bayansa kuma ba nisa da sokawe, wato ramin da ƙazantar banɗaki ke taruwa. Baban Ummi ya kira mai gidan, wani Alhaji da ke Kano. Da ya ji dalili ya ce a yi, sharaɗinsa biyu: kada a taɓa ginshiƙin da ke ɗauke da bene, kuma a haɗa bututun da kyau kada wari ya dami na sama. Allah ya saka masa da alheri. Inna ta yarda za ta jira a gama, in abin bai yi mata ba Sale ya zo. Muka mayar da gadonta ɗakinmu, aka fasa ƙofa daga nata ɗakin zuwa lungun. A kwanakin nan a kanta nake tsayawa sai na ga maƙogwaronta ya motsa, ita kuma tana kurɓa tana hararata.

Malam Idi magini ya yi aiki mai kyau, sumul. Ranar da ya ce mu zo mu gani, sai na ga abu biyu da babu su a takarda. Ya ɗaga dokin ƙofa ya kai tsawon yatsu huɗu. Wurin zaman kuma, maimakon ya kasance a ƙarshen lungu yana kallon tsawonsa, ya juya shi ya jingina da bangon gefe.

Na ce, "Malam Idi, wannan fa?"

Ya ce, "Malama, banɗaki babu dokin ƙofa ai ruwa ɗaki zai shigo. Wancan kuwa, yadda aka zana, mai zama gabas zai fuskanta. Ni tun da nake gini ban taɓa sa Musulmi ya ba alƙibla gaba ko baya a wannan wuri ba. Na ɗauka mai zanen ce ba ta san gabas ɗin gidan ba."

Gaskiyarsa, ba ta sani ba. Mu da muka sani ba mu tuna ba.

Baban Ummi ya ce a gwada da keken kamar yadda aka ce. Ya shiga ya zauna, ƙato da shi, ya miƙe ƙafa ɗaya wai shi ne mai karaya. Ya turo, taya ta daki dokin ƙofa ta tsaya. Ya ja baya ya taho da ƙarfi, keken ya haye ya faɗa ciki, gwiwarsa ta bugi bango, hularsa ta faɗa cikin kwamin wanke hannu. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, juyawa babu hali. Yana ta cewa, "Malam Idi, ja ni! A'a, ba ta nan ba!" Sai muka ji wani sauti daga ɗaya ɗakin. Na ruga a guje, na ɗauka wani abu ne ya same ta. Na tarar da Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ta hau turmi.

Ta ce, "Ki ce a fito da bawan Allah, kada shi ma a sa masa ƙarfe."

Daga nan aka shiga shawara, ni ce wayar. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kowa na jin kowa, amma sai an bi ta kaina.

"Ki gaya wa Inna, na tambayi limamin tasha, ya ce in a cikin gini ne babu laifi. Sai a mayar da shi yadda aka zana."

"Ki gaya wa mai gidan nan, liman ya yi nasa haka. Ni ban yi da ƙuruciya ba, ba zan fara da furfura ba."

"Ki gaya wa Inna wurin ne ya yi kaɗan."

"Ki gaya masa Kwandiko da faɗi."

Na san Inna, in aka juya abin nan gabas ba za ta ce komai ba, za ta yi godiya, sannan ta koma ba yakuwa ruwa. Malam Idi ya ƙwanƙwasa bangon da ke fuskantar wurin zaman, ya ce, "Wannan ba ya ɗauke da komai. Me ke bayansa?"

Sitona ne a bayansa. A ciki kuwa akwai kayan aurena, kwanonin samira da tangaran da fanteka, jere har sama. Inna ce ta tara mini su da kuɗin daddawa da ƙuli-ƙuli tun ban san me ake kira aure ba. Ban taɓa cin abinci a mafi yawansu ba, amma duk wata sai na sauke na goge. Ba zan ɓoye ba, raina ya sosu. Na shiga wurin Inna ina ƙunƙuni, na ce yanzu kayan nan ina zan kai su, a gidan da ko wurin ajiye tsintsiya babu.

Ta ce, "Wa ya saya miki?"

"Ke."

"To na karɓi wurinsu. Ki tura su ƙarƙashin gado."

Aka rushe bangon, aka ci fiye da rabin siton. Aka fasa dokin ƙofa, aka karkata daɓen ya gangara can ciki wajen magudana, ruwa ba ya dawowa ɗaki. Aka cire ƙofar aka juya ta tana buɗewa waje, da sakata irin wadda za a iya buɗewa ta baya in da larura. Mai famfo ya sa famfon tsarki a dama, inda hannunta zai kai ba sai ta sunkuya ba, ya sauke kwamin wanke hannu ƙasa-ƙasa, ya bar ƙarƙashinsa fili don gwiwar mai keke. Ya kuma samo tanki mai sakin ruwa a hankali, aka rage wa mai shela murya.

Saura tsayin wurin zama da na ƙarfen dafawa, su kuwa sai an auna mai su. Na ɗauki zare na auna daga diddigenta zuwa bayan gwiwa, na ƙulla, na auna inda hannunta ke sauka in ta miƙe, na ƙulla. Zan fita ta riƙo zanina. "Yanzu tsawon ƙafata za ki kai wa maza?" Na ce, "Inna, zare ne kawai." Ta ce to kada in ce na mene ne. Na miƙa wa Baban Ummi ta bayan labule, ya karɓa da hannu biyu, bai tambaya ba. Aka yi wa wurin zaman ɗan dakali ya ɗaga. Ƙarfen kuwa sai da ya rataya a jikinsa da dukkan nauyinsa ya ga bai motsa ba, sannan ya sallami mai walda.

Abin da zan ce wa masu jinya kaɗan ne. In za ku yi irin wannan, ku tambayi ma'aikatan asibiti awo, ku nemi izinin mai gida, ku sa ƙato a keke ya gwada kafin siminti ya bushe. Ku duba gabas tun a takarda. Sannan ku san wanda tsohuwarku ke jin kunya, don ba za ta faɗa muku ba, kuma babu hoton asibiti da zai nuna shi.

Ranar da aka mayar da ita ɗakinta, Baban Ummi ya fice tun hantsi, ya ce yana da aiki a gareji, alhali na san babu. Na tura Inna har ciki, keken ya juya bai taɓa komai ba. Ta kama ƙarfen ta jijjiga shi, ta dubi inda rana ke fitowa, ta dubi inda wurin zaman ya fuskanta. Sannan ta ce, "To, fita." Na ce in tsaya dai kusa. Ta ce, "Fita, ki ja mini ƙofa." Na fita na tsaya a tsakar ɗaki ina murza hannu kamar ranar da na kai Ummi makaranta. Da ta gama ita ta turo ƙofar da kanta. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta dai ce in Sale ya kira in ce masa ya ci gaba da gyaran gonarsa.

Bayan la'asar Baban Ummi ya dawo da ƙullin kayansa na tasha. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bayan labule kamar kullum. Suka yi lafiya lau ɗinsu. Ya yunƙura zai tashi, sai Inna ta ce, "Hajara, ruwan kofin nan ya yi zafi. Ki ce wa mai gidan nan ko akwai na randa."

Na buɗe baki zan maimaita, ashe har ya kai kicin. Ya dawo da moɗa cike, ruwan har yana zuba, ya miƙo ta gefen labule. Inna ta karɓa, ta juya fuska bango, ta ja mayafi ta rufe. Muka ji tana sha, ƙwat, ƙwat, ƙwat, ba ta tsaya ba sai da ta ga ƙarshensa. Shi yana durƙushe a waje yana ji, ya sunkuyar da kai yana share ido da hular nan da ta sha wanka.

Ta miƙo moɗar ta bayanta ba tare da ta juyo ba. Ta ce, "A ƙaro."

Yau Inna tana takawa da sanda, tana gyara mini tuƙin tuwo daga bakin kicin, kwanonina kuma suna nan ƙarƙashin gado suna shan ƙura. Allah ya ba duk masu ciwo lafiya, ya ba masu jinya idon gani. A daren farko da ta koma ɗakinta dai, da na zo rufe mata taga, ta leƙa waje ta ce, "Ke kuma ki riƙa ba yakuwar nan ruwa. Ni na daina."